Yadda gidajen burukutu suka samu gindin zama a Sabon Gari da Samaru

Duk wanda ya san Zariya ya san ba a buɗe mashaya a cikin ganuwa. Amma da zarar an haye gadar Kubanni an shiga Sabon Gari, ko an miƙe hanyar Funtuwa zuwa Samaru, sai a tarar lamarin ya sha bamban.

A waɗannan wurare akwai otal-otal da shagunan da ke sayar da giyar kwalba. Akwai kuma wasu gidaje a lunguna da bayan gari inda ake dafa burukutu, wato giyar dawa, a kuma sayar da ita nan take.

Galibin Musulmin da ke zaune a yankin ba su taɓa leƙa irin waɗannan gidaje ba. Iyakar abin da suka sani shi ne hayaƙin murhu da warin tsami idan iska ta kaɗo.

Matsayin Musulunci a kan giya a bayyane yake, kuma babu saɓani tsakanin malamai cewa haramun ce, ta kwalba ce ko ta ƙwarya. To amma tambayar da ba a cika amsawa ba ita ce, me ya sa abin da ba ya shiga Birni ya zauna daram a tazarar 'yan kilomitoci kaɗan, fiye da shekara 100?

Abin da baƙo zai tarar

Gidan burukutu ba ya da allon talla. Yawanci tsakar gida ce ko rumfar kwano, da bencina a jere, da manyan randuna ko gangunan ƙarfe a gefe guda, sai tarin itace.

Mata ne ke riƙe da sana'ar kusan baki ɗaya, kuma akasarinsu 'yan asalin kudancin Jihar Kaduna ne, ko Filato, ko Binuwai, ko kuma Maguzawa. Mace kan koya ne daga uwa ko uwar miji, kamar yadda ake gadon ƙuli-ƙuli ko daddawa a gidajen Hausawa. Da yawa daga cikinsu da wannan dahuwa suke ciyar da gida, su biya kuɗin makarantar yara.

Masu zuwa sha kuwa leburori ne, da masu gadi, da ƙananan ma'aikata, da tsofaffin sojoji, da 'yan makaranta da aljihunsu bai kai na kwalba ba. Ba wani ɓoyayyen abu ba ne kuma cewa a cikinsu akwai masu sunan Musulmi, waɗanda kan zo daga nesa, su zaɓi lungun da ba a san su ba.

Al'adar irin waɗannan gidaje ita ce a fara miƙa wa mai saye ɗan ƙoƙo ya ɗanɗana kafin ya biya. Idan ta yi masa, sai a auno masa a ƙwarya, ko a cika wa ƙungiya roba guda su riƙa ɗiba. A gefe akan samu mai farfesu ko mai gyaɗa, a wasu wuraren har da naman alade.

Wannan ɗanɗano shi ne alƙalin sana'ar. Mashaya na duba kauri, da launi, da ko tana tashi da kumfa. Idan zaƙi ya yi yawa sai su ce ba ta nuna ba. Idan tsami ya rinjaya sai su ce ta kwana. Idan ta yi tsararo sai a zargi mai gida da ƙarin ruwa, kuma labari ba ya daɗewa bai zaga unguwa ba.

Mako guda ana aiki

Burukutu ruwa ne mai kauri, ja-ja zuwa ruwan ƙasa, wanda ba a gani ta cikinsa. Akwai 'yar uwarta fito, wadda ake tacewa sosai har ta fi ta tsarki da zaƙi.

Aikin kan ɗauki kusan mako guda. Da farko akan jiƙa dawa, musamman ja, ta kwana a ruwa. Daga nan a baza ta a inuwa, a rufe, a riƙa yayyafa mata ruwa na wasu kwanaki har ta yi tsiro. Sai a shanya a rana, a niƙa.

Wannan tsiro shi ne ginshiƙin komai, domin lokacin da ƙwayar hatsi ta fara tsira takan samar da wasu sinadarai da ke mayar da sitaci ya koma sukari. Matan Hausawa sun san wannan dabara ko da ba su san sunanta na kimiyya ba, don da ita ce wasu ke sa kunun zaƙi ya yi zaƙi, ta hanyar zuba masa tsiron shinkafa ko na dawa.

Inda hanya ta rabu shi ne abin da ke biyo baya. Mai burukutu kan dama garin da ruwa ta dafa, ta bar shi ya kwana ya yi tsami, ta tace, ta sake dafawa na sa'o'i da dama. Wasu kan ƙara garin rogo domin ta yi auki. Idan ya huce sai ta zuba ragowar tsohuwar dahuwa, wadda ke ɗauke da yis. Shi yis ɗin ne ke cinye sukarin ya mayar da shi sinadarin da ke sa maye, yana fitar da kumfa.

Binciken da aka yi a jami'o'in Najeriya ya nuna cewa ƙarfin wannan sinadari a burukutu yakan kama daga kashi 3 zuwa 6 cikin 100, wato kusan daidai da na giyar kwalba. Saboda haka masu cewa ai kunu ce mai ɗan tsami, ko abinci ce kawai, ba su da hujja.

Dusar da ta rage kuma ba ta zuwa bola, ana sayar wa masu kiwon aladu da sauran dabbobi.

Wani muhimmin abu game da burukutu shi ne ba ta ajiyuwa. Ana shan ta ne tana kan tashi, yis ɗin cikinta na da rai, kuma bayan kwana ɗaya ko biyu takan lalace ta koma ruwan tsami. Ba a iya rufe ta a kwalba, ba a iya loda ta a mota zuwa wani gari mai nisa. Wannan ne ya sa a wurare da dama masu dahuwa ke raba kwanaki a tsakaninsu, yau gidan wannan gobe gidan waccan.

Ma'anar wannan ita ce, duk inda aka ga gidan burukutu, to masu shan ta na nan kusa.

Ba a Najeriya kaɗai ake yin ta ba. A Burkina Faso da Mali ana ce mata dolo, a arewacin Gana pito, a Kamaru da Chadi kuma bilibili.

Har a Ingila akwai makamanciyarta, ko da yake da sha'ir ake yi. A shekarar 1971 wasu mutum huɗu suka kafa wata ƙungiya mai suna CAMRA, domin kare giyarsu ta gargajiya daga ta manyan kamfanoni. Su ne suka fito da sunan "real ale", wato giya ta asali, suna nufin wadda ba a kashe yis ɗinta ba, wadda ke ci gaba da nuna a cikin ganga har lokacin da za a zuba wa mai saye. Ita ma idan aka buɗe gangar, sai a sayar cikin kimanin kwana uku.

'Yan wannan ƙungiya kan zaga mashaya suna ɗanɗanawa suna ba da maki, kuma duk shekara suna buga littafin da ke jera wuraren da suka fi. A Samaru babu mai rubuta irin wannan littafi, kuma babu mai gidan da za ta so a rubuta sunanta a ciki. Abin da Baturen Ingila ke tinƙaho da shi a matsayin gadon kakanni, a nan sana'ar talaka ce da ake yi ana waiwaye.

Iyakar da aka shata

Giyar dawa ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Maguzawa, waɗanda har yanzu akwai su a ƙauyukan ƙasar Zazzau da Kano da Katsina, sun daɗe suna amfani da ita a bukukuwan aure da na gargajiya. A tsakanin ƙabilu da dama na Filato da kudancin Kaduna kuwa, da ita ake sallamar masu aikin gayya. Wani masanin al'adu Ba'amurke, Robert Netting, ya yi rubutu a 1964 kan yadda giyar hatsi ta zama tamkar kuɗi a wurin ƙabilar Kofyar ta Filato.

A biranen da ke ƙarƙashin Daular Usmaniyya kuwa, tun bayan jihadin da aka fara a 1804, doka ta hana ta, kuma hukuncin Musulmin da ya sha a mazhabar Malikiyya bulala 80 ne.

Da Turawa suka zo ba su rushe wannan tsari ba. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Brussels a 1890 ta tanadi hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma Gwamna Lugga ya sanya Arewa cikin wannan rukuni. Dokar giya ta 1917 ta raba Najeriya zuwa yankunan da aka haramta, da waɗanda ake sayarwa da lasisi, da waɗanda aka taƙaita.

Sai dai haramcin na da ƙofofi. Turawa da kansu suna sha a kulob-kulob ɗinsu. Ma'aikatan da aka kawo daga kudu suna iya samun takardar izini. An kuma ƙyale al'ummomin da ba Musulmi ba su ci gaba da dafa tasu ta gargajiya. Masanin tarihi Simon Heap, wanda ya bi takardun wancan zamani, ya nuna yadda fasa-ƙwaurin barasa ya bunƙasa a Arewa, musamman ta hanyar jirgin ƙasa.

Jirgin ƙasan ne kuma ya haifi Sabon Garin Zariya. Layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, daga bisani aka ja wani ƙaramin layi daga Zariya zuwa yankin haƙar kuza na Jos. Akawuna da leburori da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa, kamfanonin Turawa irin su Paterson Zochonis suka buɗe kantuna, wanda har yau sunansa bai bar unguwar PZ ba.

Turawa ba su so waɗannan baƙi su cuɗanya da mutanen Birni ba, sarakuna ma ba su so ba. Saboda haka aka yanka musu wuri a ƙetaren Kubanni, wanda da farko yana hannun jami'in Bature ne, ba a ƙarƙashin alƙalin Sarkin Zazzau ba. Duk abin da ba a yarda a yi a cikin ganuwa ba, sai ya samu mafaka a can.

Bariki ya ƙara wa abin ƙarfi. Tun 1924 ake horar da kuratan sojoji a Zariya, kuma barikokin soja irin na Basawa, kusa da Samaru, suna tara mutane daga kowane sashe na ƙasar. A kowane bariki akwai kasuwar da ake kira mami, inda dokar gari ba ta cika shiga ba.

Samaru kuwa ilimi ne ya raya ta. An kafa tashar binciken aikin gona a can a 1922, sannan aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoban 1962. Dubban malamai da ɗalibai da ƙananan ma'aikata suka zo da addinansu da al'adunsu, ciki har da abin shansu.

Ko da aka samu mulkin kai, gwamnatin Sardauna ba ta goge wannan iyaka ba. Kundin dokokin hukunta laifuka na Jihar Arewa na 1960, wanda aka fi sani da Final Kod, ya mayar da shan giya laifi ne a kan Musulmi kaɗai, ya bar wanda ba Musulmi ba matuƙar bai yi maye ya dami jama'a ba.

A yau Sabon Gari da Samaru suna cikin ƙaramar hukuma ɗaya, kuma Hausawa Musulmi sun cika su maƙil, da masallatai da makarantun Islamiyya. Wato dai tsohuwar iyakar tana nan, amma yanzu ta koma tsakanin layi da layi, wani lokacin ma tsakanin katanga da katanga.

Dawar Samaru

Akwai wani ɓangare na labarin da ya shafi har wanda bai taɓa kusantar mashaya ba.

Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi noman dawa a duniya, inda take samar da tan miliyan 6 zuwa 7 a shekara, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ce aka ɗora wa alhakin inganta irinta. Shi ya sa sunan ire-iren da take fitarwa ke farawa da SAMSORG.

A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, wanda da shi manyan kamfanonin giya suka dogara. Kamfanoni irin su Nigerian Breweries, wanda ya buɗe masana'anta a Kakuri ta Kaduna tun 1963, da kuma Guinness, ba su da zaɓi illa su koma ga hatsin gida. Ɗaya daga cikin ire-iren da suka fi karɓuwa a wurinsu shi ne wata gajeriyar ƙaura mai lamba SK5912, wadda a Samaru aka samar da ita.

An ɗage haramcin daga baya, amma kamfanonin ba su saki dawa ba. Abin da matan lungu suka sani tun kaka da kakanni, cewa tsiron dawa na yin giya, shi ne injiniyoyi suka zo suka tabbatar da manyan na'urori.

Sakamakon haka, manomin Giwa ko Soba ko Maƙarfi da ya kai buhunsa kasuwa ba ya sanin inda zai ƙare. Yana iya zama tuwo, yana iya zama abincin kaji, yana iya shiga randar burukutu ko kwalbar kamfani. Yana kuma iya komawa lemon malt marar sa maye irin su Maltina, wanda ake rabawa a walimar aure da ta saukar karatu.

Shari'a da zaman tare

Mashaya sun sha zama abin hari idan rikici ya tashi. A watan Maris na 1987, faɗan da ya faro daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, inda aka ƙona masallatai, ya bazu zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina. A Zariya an ƙona coci-coci da dama, tare da otal-otal da gidajen giya.

Bayan da Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoban 1999, jihohi 11 sun bi sahu. A Kaduna muhawarar ta rikiɗe ta zama tarzoma a watan Fabrairun 2000, inda mutane fiye da 1,000 suka rasa rayukansu.

Abin da gwamnatin Ahmed Muhammad Maƙarfi ta fito da shi a watan Nuwamban 2001 matsakaicin tsari ne: kotunan shari'a ga Musulmi, kotunan gargajiya ga masu buƙatarsu, ba tare da an ɗora dokar addini a kan wanda ba nasa ba ne. Wannan ya bambanta da Kano, inda a watan Nuwamban 2013 kaɗai hukumar Hisba ta farfasa kwalaben giya 240,000 a bainar jama'a.

Masu goyon bayan tsarin Kaduna na ganin shi ne ya dace da jihar da ta haɗa al'ummomi daban-daban. Masu suka kuma na cewa ya bar ƙofa a buɗe ga 'ya'yan Musulmi, tun da mai sayarwa ba ta tambayar addinin mai saye. Duka ɓangarorin biyu na da abin kamawa.

Batun ya kuma shiga siyasar kuɗi. A 2021, lokacin taƙaddamar harajin kayan masarufi tsakanin Jihar Ribas da gwamnatin tarayya, gwamnan jihar na lokacin, Nyesom Wike, ya yi ta ƙorafin cewa jihohin da ke fasa kwalaben giya suna karɓar kasonsu daga harajin da aka tara a kanta. Burukutu dai ba ta cikin wannan lissafi, domin ba ta bi ta kan teburin mai karɓar wannan haraji.

Leda ta shigo

Ta fuskar lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a farkon 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutarwa, kuma ƙididdigarta ta nuna mutane miliyan 2.6 ne suka mutu a duniya a 2019 sanadiyyar shan ta.

Burukutu na da nata ƙarin haɗarin. Babu hukumar da ke auna ta. Ruwan da ake amfani da shi, da gangar da ta yi tsatsa, da ƙwarya ɗaya da ke yawo baki-baki, duk hanyoyi ne na ɗaukar cuta. Dawar da ta yi fumfuna kuma tana iya ɗauke da gubar da ke lalata hanta, wadda dahuwa ba ta kashewa.

To sai dai abin da ya fi tayar da hankalin likitoci a 'yan shekarun nan shi ne barasa mai ƙarfi da ake ƙullawa a ƙananan ledoji da 'yan kwalabe. Ƙarfinta ya ninka na burukutu sau da yawa, tana da araha, ba ta lalacewa, kuma tana shiga aljihun ɗan makaranta ba tare da kowa ya gani ba. Ga kuma ogogoro, wadda gurɓatacciyarta ta kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas a 2015.

Wannan ya sauya lissafin da aka saba da shi. Burukutu na buƙatar murhu, da randa, da benci, da wurin da kowa a unguwa ya sani, don haka iyakar da aka shata tun zamanin Turawa tana iya tsare ta. Leda kuwa ba ruwanta da gadar Kubanni ko ƙofar ganuwa. Haka nan ƙwayoyi da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a watan Mayun 2018.

Su kansu masu dahuwar suna jin jiki. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin itace da niƙa da sufuri suka tashi, alhali masu sayen nasu talakawa ne da ba a iya ƙara wa kuɗin ƙwarya yadda aka ga dama.

A watan Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta sanar da fara aiwatar da haramcin sayar da barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba. Kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago sun yi zanga-zanga suna cewa dubban ma'aikata za su rasa abin yi, lamarin da ya sa aka ɗage wa'adin zuwa ƙarshen 2025.